Tsuntsun da Muke Kira Baƙo

Makon jiya na bi ta bayan Lugbe zan kai wa wata mata bandar tarwaɗa, sai na ga an sare matacciyar ƙiryar nan. Ban yi niyyar tsayawa ba. Mai keke napep yana ta danna hon yana cewa, "Madam, mu je mana," amma na sauka na tsaya ina kallon kututturen kamar wadda aka aika ta manta saƙo. Bishiya ce da ta mutu tun ba a haife ni ba, ba ganye, ba inuwa, ko akuya ba ta raɓar ta. Sai dai duk abin da na sani a wurin an rushe shi ko an binne shi, ita kaɗai ta rage a tsaye a bayan katangar masu hali, kuma muddin ina hango ta daga titi ina iya cewa ga inda ruwa yake, ga inda ɗakinmu yake, ga inda Inna take banda. Yanzu an ce turken waya za a kafa a gurbinta. Na san wani zai ce yarinyar da ba ta cika talatin ba, wane tuna baya gare ta. Ya riƙe maganarsa. A garin nan ba shekaru ke tsofar da mutum ba, katafila ce. Wanda aka share masa ƙuruciya da rana tsaka ya tsufa, ko da haƙoransa na nan cif.

Inda rukunin gidajen nan yake yanzu, da can tafki ne. Ba kududdufi nake nufi ba, ruwa ne mai faɗi, inda rafi ya gangaro ya tarar da dutse ya kwanta, sai da kwale-kwale ake kai tsallakensa. Mu gida biyar ne a bakinsa, duk dangi, Sarkawa ne, masunta, da kakanninmu suka biyo ruwa daga wajen Yawuri suna sauka suna tashi har Allah ya ajiye su nan. A hayi Gwarawa ne da gonakin doyarsu, da yamma kuma Fulani su gangaro da shanu su shayar. Abin da ya fi zama a kaina ba kamannin wurin ba ne, ƙararsa ce. Filafili yana bugun gefen jirgi bayan sallar asuba. Dalmar birgi, ragar nan da ake jefawa, in ta faɗa ruwa, kamar an watsa tsakuwa a faranti. Tarwaɗa tana marin daro da jela, ta ƙi mutuwa. Tarin Inna a cikin hayaƙin banda, da yadda take kiran sunana sau uku, na ukun da zagi a haɗe. Jirgin sama yakan sauko ta kanmu zuwa filin jirgi, mu yara mu ɗaga masa hannu, Baba ko ɗaga kai ba ya yi. Yau in ka tsaya a wurin, janareta za ka ji, da ƙarar get, da haushin karnukan da ba su taɓa ganin kifi mai rai ba. An shimfiɗa siminti a kan komai, an sa wa titunan sunayen furannin da ba sa tsirowa a ƙasar nan.

Aikina a gida shi ne kankare kifi, da juya shi a kan banda, da tsince kainuwa daga raga. Duk ina yi, da sauri kuma, don in gama in tafi. Abin da na tsana shi ne warware ƙullin taru. Baba zai zauna da ƙulli ɗaya tun hantsi har azahar yana lallaɓa shi da farce, ni kuwa in na ja sau biyu bai saki ba sai in faki ido in sa wuƙa. In ya gane, kuma kullum sai ya gane, ba ya faɗa. Ɗaga zaren yake ya nuna mini wurin yankan ya ce, "Uwata, ƙulli ba ya jin faɗa, lallashi yake ji." Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, amma in yana son tsokanata sai ya ce Sarkin Gaggawa. Yakan ce ko ranar haihuwata ban jira ungozoma ba. Inna kuma ta ce, "Ai da ta jira da ba 'yar gidan nan ba ce, gadon bakin uwarka ne da zafin zuciyarta." Baba ya yi murmushi ya ci gaba da ƙullinsa.

To, tsuntsun. Shamuwa ta damina ce, kowa ya san ta, yara har waƙa suke mata. Namu na lokacin kaka ne. In ruwan sama ya ɗauke, dawa ta sunkuyar da kai, sai wata safiya a wayi gari a gan shi a saman matacciyar ƙirya, shi kaɗai, kamar jiya ya bar wurin. Shi da shamuwa ba sa haɗuwa, kafin ta zo ya tafi. Ya fi shirwa girma. Bayansa baƙi-baƙi, cikinsa fari sol, kansa fari da wani baƙin zane da ya ratsa ta idonsa kamar an yi masa kwalli da gaggawa. Fukafukansa dogaye ne masu lanƙwasa kamar gwiwar hannu. Ba ya ɗaukar ɗan tsako, ba ya taɓa mushe, ba ya shiga sabgar kowa. Kifi kawai yake ci, kuma sai wanda ya kama da ƙafarsa. Kukansa ma ba na babban tsuntsu ba ne, wani siririn fito ne, har ka ji kunya a madadinsa. Gwarawa suna da sunan da suke kiransa, Fulani su ce shaho ne, wasu su ce gaggafa. Baba ya ce duk ba shi ba ne, shaho ɓarawon kaji ne, wannan kuwa masunci ne ɗan'uwanmu. Mu a gida Baƙo muke ce masa. Baƙo ya sauka, Baƙo ya ci, Baƙo ya tafi.

Amma yana da suna na ainihi, kuma nan ne maganar take. A gidanmu, ranar da Baƙo ya sauka a kan ƙirya, an daina kamun kifi. Ba birgi, ba fatsa, ba a duba gura, wato tarkon kifi, sai ya fara kama nasa. Inda ya faɗa, nan za a ja tarun farko na shekara. Yawanci yini ɗaya ne, wani lokaci kafin hantsi ma ya gama. Sunan kuwa ba a faɗin sa a fili. Sai yaro ya zauna a bakin ruwa tare da babba, bai yi magana ba, bai tashi ba, ya ga kamun tun daga farko har ƙarshe, ya kuma faɗi abin da ya gani daidai, sannan a raɗa masa a kunne, sau ɗaya. Ban ce duk masunta ne ke yin haka ba. Na tambayi mutanen Yawuri da ke kawo mini kifi yanzu, dariya suka yi, suka ce ba su taɓa ji ba. Al'adar gidanmu ce, daga kakan kakana. Na taɓa tambayar Baba mene ne amfanin ɓoye sunan tsuntsu, shi tsuntsun ya san ana yi? Ya ce, "Ki shiga kasuwa wajen masu magani ki duba. Duk kan tsuntsun da kika gani a shanye a tabarma, yana da sunan da ake tambayarsa da shi. Abin da kowa ya san sunansa, sayar da shi ake yi." Ya ƙara da cewa sunan ba na kunne ba ne, na ido ne, gani ya kori ji.

Yayana, babban ɗan gidanmu, ya samu nasa tun yana ƙarami. Ya yi ta yi mini yanga da shi har tsawon shekara, ya zo kusa da kunnena kamar zai faɗa, sai ya hura mini iska ya gudu. Don haka shekarar da na isa zama, ban bari an kira ni sau biyu ba. Baƙo ya sauka da safe, aka jingine jirage, maza suka zauna gyaran raga, ni da Baba muka tafi kan wani faffaɗan dutse da ke fuskantar ƙirya. Ya shimfiɗa mini buhu. Ya ce, "Daga yanzu bakinki na aljihuna." Muka zauna. Rana ta fito. Tsuntsun nan yana gyaran gashi, ya ɗaga wannan fiffike, ya ɗaga wancan, ya yi kashi, ya sake gyara zama. Ƙafata ta yi sanyi, cinnaku suka same ni, ina jin ƙamshin ɗumamen tuwo daga gida. Da hantsi ya tashi, ya zagaya tafkin sau biyu, ya tsaya cak a sama yana kaɗa fukafukai, kansa a sunkuye, na ce shi ke nan. Sai ya fasa, ya koma kan ƙirya. Sau uku yana yin haka. A na huɗu, yana tsaye a sama daidai gabanmu, sai wani tunani ya zo mini wanda a lokacin na ɗauka hikima ce: kifin ne ya ƙi motsi, in an motsa shi tsuntsun zai gan shi, kowa ya huta. Na lalubo dutse daidai tafin hannuna na wurga tsakiyar ruwa.

Har yau ina jin ƙarar dutsen nan. Baƙo ya karkata, ya yi fitonsa sau ɗaya, ya bi ta kan gonakin doya ya ɓace. Bai dawo ranar ba, bai dawo washegari ba. Kwana biyar jirage suna jingine. Matan da ke zuwa sarin kifi daga bakin titi suka zo da darurruka suka koma da su wayam, wasu ba su sake zuwa ba. Gida biyar muna cin tuwo da miyar kuka tsura, mu da muke kwana a kan kifi. Ƙanen Baba, wanda muke kira Kawu, ya zo tsakar gidanmu a rana ta uku ya ce, "Yaya, tsuntsu fa ba annabi ba ne. 'Ya'yanmu na jin yunwa saboda 'yarka mai ƙaiƙayin hannu. Ka bari mu jefa birgi." Baba ya ce, "Ga ruwa can, ban ɗaure maka hannu ba." Kawu ya tsaya, ya yi tsaki, ya koma gida, bai jefa ba. A rana ta shida tsuntsun ya dawo ya kama kifinsa tun da sassafe, lokacin ina bayan ɗaki ina wanke tukunya.

Inna ta dake ni, wannan ban damu ba, na san na ci. Baba ne bai taɓa ni ba, kuma shi ne ya fi ciwo. Ranar da abin ya faru, a kan dutsen, ya daɗe yana kallon inda ruwan ke zagaye yana lafawa, sannan ya naɗe buhunsa ya ce, "Ba komai, Uwata. Badi ma rana ce." Da ya zage ni da na yi kuka an wuce wurin. Amma wannan sanyin nasa sai ya tunzura ni. Na miƙe na ce, "A riƙe sunan, ba na so. Tsuntsu ne dai." Ya ce, "To." Kuma duk shekara in Baƙo ya sauka sai ya ɗauki buhu biyu ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, "Sarkin Gaggawa, za ki?" Ni kuma in ce ina da aiki. Da na shiga makaranta sai in ce ina da jarrabawa. Ya ajiye buhu ɗaya a bakin ƙofa ya tafi da ɗaya. Na ɗauka tafki ba ya zuwa ko'ina, tsuntsu ba ya zuwa ko'ina, Baba ma haka.

Ina aji biyar na sakandare aka zo aka shafa mana jan fenti a bango. Ba zan ja wannan labarin ba, duk wanda ya zauna a gefen garin nan ya san shi. An zo da takardu, an zo da katafila, an fasa dutsen da ya tare rafin, ruwa ya tsiyaye cikin 'yan kwanaki. Abin da ba zan manta ba shi ne warin, da tarwaɗa tana birgima a taɓo, mutane daga ko'ina suna kwasa da buhu suna murna. Dangi suka watse. Kawu ya nufi Abaji wajen kogi, can ya rasu. Mu muka kama ɗaki biyu a cikin Lugbe. Inna ba ta yi shekara biyu a gidan haya ba ta bi shi lahira, ita da ta sha hayaƙin banda shekara da shekaru bai kashe ta ba. Yayana ya zama direba a tashar Utako. Ni na gama makaranta, na yi aure, na buɗe teburin busasshen kifi a kasuwa, kifin da ake kawowa daga nesa a kwali. Baba kuwa, mutumin da gida biyar ba sa jefa raga sai ya ce, ya samu aikin gadi a rukunin gidajen da aka gina a kan tafkinsa. Yana buɗe get yana cewa, "Sannu da zuwa, oga," ga yaran da ya girmi iyayensu. Na yi ta faɗa in ce ya bari. Ya ce daga bencinsa ana hango ƙirya. Shekara biyu na farko, in ji shi, Baƙo ya zo ya sauka a kanta, ya duba rufin gidaje, ya tashi. Daga nan bai sake zuwa ba.

Sannu a hankali yanar ido ta rufe masa gani. Aka sallame shi daga gadin, na dawo da shi wurina. Wata safiya, ruwa ya ɗauke da kamar mako biyu, ina ɗaura ɗankwali zan fita, ya ce daga kan tabarmarsa, "Uwata, na ji iska ta juya. An ce akwai ruwa a Jabi." Na ce akwai. Ya ce, "Ki kai ni." Na ce, "Baba, me za ka gani?" Haka na faɗa, ga makaho. Bai ji haushi ba. Ya ce, "Ba ni zan gani ba." Na gane sarai abin da yake nufi, amma na ce sai kasuwa ta lafa. Na yi mako uku ina sai-gobe. Abin da ya tashe ni shi ne ranar da na je tasha wajen Yayana na ce, tunda shi ya san sunan, ya faɗa mini kawai a huta da wahalar da tsoho. Yana cin shinkafa a bayan mota. Ya tsaya da cokali a hannu, ya kalli sama, ya yi dariya. Ya ce, "Kin san Allah, na manta." Na ce ƙarya yake. Ya ce, "Wallahi. Shekara nawa? Suna ne dai haka, ɗan gajere. Ko dogo ne? Ke, ki tambayi waya mana." Na tsaya ina kallonsa, fasinjoji na ta ture ni. Kawu ya mutu, sauran tsofaffin sun mutu, wanda aka ba ajiya ya zubar. Ashe duk duniya saura mutum ɗaya, yana kan tabarma a ɗakina.

Na tambayi wayar, ba zan ɓoye ba. Ta ba ni sunansa na Turanci, ta ce daga ƙasashen Turawa yake zuwa yana gudun sanyi, ta nuna mini bidiyonsa har na gaji. Na ga yadda yake shiga ruwa da ƙafa, na ga abin da yake yi in ya fito. Duk amsar da Baba zai nema na haddace ta a kan gado. Amma sunan gidanmu ba ya cikin waya.

Muka fara zuwa Jabi bayan asuba, kafin in buɗe tebur. Na samo mana wani lungu nesa da masu motsa jiki da masu ɗaukar hoto, na shimfiɗa buhu biyu. Ranar farko ba komai sai balbelu. Rana ta biyu na hango shi can nesa a kan wani ƙarfe, na kama hannun Baba na matsa, ya gyaɗa kai, bakina ai na aljihunsa. Bai yi kamu ba har rana ta yi zafi muka tashi. Rana ta uku ya matso. Ya zagaya, ya tsaya a sama, ya fasa. Ya sake, ya fasa. Baba yana zaune ya miƙe wuya, idanun nan farare suna kallon babu, kunnensa na ruwa. Na zauna fiye da yadda na taɓa zama a rayuwata. Sai waya ta yi motsi a cinyata. Na san ko wace ce, wata mai gidan abinci ce da na yi wa alkawarin kaya da safe, ta kira sau huɗu. Na ce bari in rubuta mata kalma biyu kawai, ina zuwa. Na sunkuyar da kai. Ban gama rubuta ta biyun ba na ji ruwa ya fashe.

Kafin in ɗago ya riga ya yi nisa, wani abu na walƙiya a ƙarƙashinsa. Baba ya juyo da fuskarsa wajena, duk ta haskaka, rabon da in ga haƙoransa haka tun muna bakin tafki. Ya ce, "Ya ci. Babba ne, na ji nauyinsa. Uwata, kin gani?" Ba ya ganina. Bai san da waya a hannuna ba. Amsoshin na bakina, in na faɗa ba wanda zai taɓa sani. Har ya fara matso da kansa. Ni ba waliyyiya ba ce, ina yi wa kastoma ƙarya a kan kwanan kifi ba tare da na ƙifta ido ba. Amma na kalli tsohon nan da ya hana gida biyar cin kifi kwana biyar don kada a yi wa tsuntsu ha'inci, sai bakina ya ƙi. Na ce, "Ban gani ba, Baba. Waya nake dubawa." Hasken ya sauka daga fuskarsa a hankali. Na ce, "Ka faɗa mini haka nan mana. Saura kai kaɗai. Yaya ya manta, ka sani? Ya manta. Wa zai kama ka?" Ya ce, "Shi ya sa ya manta. Ranar tasa ya ga rabi ne, na tausaya masa na faɗa." Ya lalubo buhunsa yana naɗewa. Ya ce, "Gobe ma rana ce, Sarkin Gaggawa."

Washegari ya tashi da zazzaɓi, sanyin bakin ruwa ya shige shi. Na ce in ya warware mu koma. Ciwon ya shiga ƙirji, aka kwantar da shi. A asibiti na roƙe shi sau ɗaya, na durƙusa a bakin gado na ce don Allah. Ya shafa kaina ya ce, "In na ba ki a nan, me na ba ki? Ki bari in tashi." Na yi fushi, ina faɗa muku gaskiya, na fita baranda ina huci, ina cewa wane irin taurin kai ne wannan a bakin kabari. Wani lokaci har yanzu ina jin fushin. Wani lokaci kuma in ga ni ce na zo da taurin kan, shi jira kawai ya yi, shekara goma sha tara da buhu a hannu. Ya rasu ranar wata Laraba da la'asar, Baƙo bai ma bar gari ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Shekara biyu ban taka Jabi ba, ko a mota na bi ta gefen sai in kau da kai. Sare ƙiryar nan ne ya kai ni. Ranar Lahadin da ta wuce na bar waya a gida, na ɗauki buhu biyu da 'yata mai shekara shida. Ita ba ni ta biyo ba. Yarinya ce da za ta zauna da tsinke tana bin layin tururuwa har a kira sallah, wani lokaci har haushi take ba ni. A mota na ba ta labarin Baƙo, da zaman, da raɗar, don in sa ta yi shiru ne kawai, ban yi tunanin ƙarshen maganar ba. Muka zauna a lungunmu. Yana nan, ko shi ko ɗansa. Ya ja mana rai kamar yadda ya saba. Da hantsi ya tsaya a sama, ya sunkuyar da kai, ya naɗe fukafukai, ya sako kamar an jefo shi, a ƙarshe ya miƙo ƙafafu gaban fuskarsa, ruwa ya haɗiye shi gaba ɗaya. Na ce ya nutse. Sai ga fukafukan sun fito suna dukan ruwa, ya ja jikinsa sama da ƙyar, da karfasa a ƙafa. Na gani, tun daga farko har ƙarshe, ban ƙifta ba. Ba wahala ashe. Zama ne kawai.

Sai da ya ɓace ta ja mini mayafi. Ta ce, "Mama, in yi magana?" Na ce ta yi. Ta ce, "Da ya tashi ya tsaya a sama ya girgiza jikinsa kamar kare, ruwa ya watse. Kuma ya juya kifin, ya sa kansa yana kallon gaba, ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya." Na ce haka ne. Ta ce, "Na faɗa daidai?" Na ce daidai. Sai ta gyara zama a kan buhun, ta ture ɗankwalinta gefe da yatsa, ta miƙo mini kunne, ta rufe ido tana jira.

Na sunkuya. Na kai bakina kunnenta. Ta jira, ba ta motsa ba, ita ai ta iya jira. Ba abin da ya fito sai numfashina, har ta ɗan noƙe ta ce, "Mama, ban ji ba. Sake faɗa."